Hayaƙin Soron Ayari

Duk wanda ya taɓa zama a lungun da ke bayan tsohuwar kasuwar Agadas ya san hayaƙin Indo. Gari na wayewa za ka gan shi yana fitowa ta ƴar tagar babban soron gidan marigayi Alkasum, fari, mai kauri, da ƙaurin ƙodagon goruba. Matan lungu kan ce idan ba su ga hayaƙin ba, to ko dai Indo ta mutu, ko kuma su ne suka makara. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta fasa ba. Ko lokacin da take jego sai da ta sa aka kai kaskon garwashi soron, tana daga kwance tana tambaya ko an zagaya da shi kowace kusurwa.

Gidan masaukin ayari ne tun asali. Kakan Alkasum ne ya gina shi, ya rufe soron da manyan azara arba'in da ɗaya na goruba, waɗanda aka saro daga bakin rafin Telwa a zamanin da mutum kan ɓace a cikin gorubar wurin. Idan ayarin gishiri ya sauko daga Bilma, raƙuma kan durƙusa tun daga ƙofar gidan har rijiya, kantu da buhunan dabino jibge a tsakar gida, madugu da mutanensa kuwa su cika soron. A nan suke tuwo, a nan suke shayi, wuta ba ta mutuwa sai sanyi ya wuce. Shi ya sa rufin ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar gindin tukunyar da aka shafa wa mai.

Ranar da Indo ta tare, uwar mijinta Rabi ba madafa ta fara nuna mata ba. Hannunta ta kama ta kai ta soron, ta ɗaga mata haɓa.

"Kin ga baƙin can?" in ji ta. "Shi ne ran gidan ga. Gara ba ta son icen da ya sha hayaƙi. Ran da wuta ta mutu a nan, ran nan ta samu masauki."

Da motoci suka fara ɗauko gishiri, fari kuma ya yi ta karkashe raƙuma, ayari ya riƙa raguwa har ya zama labari. Sai matan gidan suka maye gurbin fatake da kasko. A zuba garwashi, a ɗora ƙodago da ɗan ɗanyen ganye, a bi soron a hankali ana fifita. Rabi ta yi har ƙafa ta gaza, Indo ta karɓa.

To, sai ga shekarun nan da sama ta ɗaure fuska, soja kuma na riƙe da ƙasa. Alkasum ya riga mu gidan gaskiya. Ƴaƴan da Indo ta raina da hannunta sun watse, biyu a Arlit, ɗaya ya haura Tamanrasat ba wasiƙa ba saƙo. Gidan da ya taɓa ɗaukar mutum sittin ya koma na tsofaffi biyu, ita da Biba ƙanwar mijinta, wadda aure ya sako ta sau uku ta dawo gidan ubanta da bakinta cikakke. Kullum suna cikin tsiya irin ta matar wa da ƙanwar miji. Biba ta ce Indo ta shaƙe su da hayaƙi kamar kifi, Indo ta ce ai gara ma ta fi Biba amfani, don ita ko ba komai tana gini.

Akwai kuma Illiya, ɗan farin Indo. Ana yaye shi aka ba wan ubansa a Damagaram, kamar yadda aka saba. Can ya yi lakkol, wato makarantar boko, ya wuce Yamai, sai ga shi an dawo da shi Agadas sakatare a biro, ofishin hukuma, da tabarau da alƙalami uku a aljihu. Shekararsa talatin da takwas, kuma sunansa bai taɓa fita daga bakin Indo ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya shigo gaisuwa sai ta juya wajen bango ta amsa wa bango. A cikin matan lungu ba wadda ta kai ta riƙe kunyar ɗan fari, kuma tana jin daɗin a faɗi haka. Kada wani ya ce ba ta son shi. Duk ranar Juma'a takan dama fura da cuku da dabino, ko da ita za ta wuni da ruwa, ta ce wa Biba, "A kai wa mutumin biro."

Wata safiya aka wayi gari da jar alama a bangon gidaje goma sha biyu na lungun, har da nasu. Kapitan ɗin da ke riƙe da sha'anin gari yana son hanya miƙaƙƙiya daga kwalta zuwa babban magazan da ake tara hatsin taimako, don kamiyo, babbar motar kaya, ba ya iya juyawa a lungunan kakanni. Gaskiya ita ce mutane na jin yunwa. A bayan gari makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkokin tabarma sun fi a ƙirga, suna jiran jar dawa. Ba wanda ya iya cewa hanyar ba ta da amfani, kuma a zamanin ko da mutum yana da ta cewa, a cikinsa yake barin ta.

Indo ta tsaya ta dubi alamar, ta koma ciki ta ɗauki kaskonta. Ran nan sau biyu ta zagaya soron.

Kwana uku bayan haka Illiya ya zo da la'asar da takarda a hannu, fuskarsa a sake. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki ya gaida bango, bango ya amsa. Sannan ya juya wajen Biba.

"Goggo, a gaya wa Inna na samu dabara. An kafa komite na duba tsoffin gine-gine. In gida ya shiga lissafin monument, wato kayan tarihi na gari, ba mai taɓa shi, ko kapitan. Na yi magana da su, na nuna musu soron nan ba irinsa. Sun yarda. Saura Inna ta dangwala yatsa, voilà."

"Alhamdu lillahi!" in ji Biba. "Ashe boko na da rana."

"Amma da sharaɗi." Ya gyara tabarau. Shi ya rubuta sharuɗɗan da kansa, kwana biyu yana fama, yana kwaikwayon abin da ya karanta a kan yadda ake tsare tsoffin gidaje a ƙasashen Turawa, don yana son takardar ta yi nauyin da soja zai girmama. "Ba za a zauna a ciki ba. Za a kulle, makulli yana biro, a buɗe wa baƙi masu zuwa kallo. Kuma ba wuta sam. Gobara ɗaya ta isa ta cinye azarar nan duka. Ku kuwa ku dawo gidana, ga ɗaki biyu na siminti, ga pampo a tsakar gida."

Da Biba ta ji pampo sai idonta ya yi haske. Shekara uku ke nan tana layin ruwa da gwiwa mai ciwo, kuma ba za a ga laifinta ba.

Indo kuwa ba abin da ya shiga kunnenta sai maganar wuta. Ta ƙura wa bango ido, ta ce a hankali, kamar mai magana da ƙadangare, "Gara ba ta karatun takarda. In an kashe wuta za ta ci soron."

Illiya ya ji muryar amma bai kama maganar ba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta, abin da bai saba yi ba. "Mi Inna ta ce?"

Idonsa na sauka a kanta sai ta ja mayafi ta rufe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeruwa, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ta yaya za ta dubi ɗan fari ta yi musu da shi, a gaban ƙanwar ubansa? Ta jira Biba ta maimaita.

"Ba komai," in ji Biba. "Kukan kaskonta take. Ka san tsofaffi da abin da sunka saba."

Illiya ya yi dariya mai taushi. "A ce mata zan sa a ƙera mata murhun ƙarfe sabo. Ta yi ta turarenta a gidana."

Bayan ya tafi Indo ta sauke wa Biba kwandon masifa, irin wadda ba ta wasa ba. Biba ta ce, "To ke mi ya hana ki buɗa baki? Ɗanki ne, ba nawa ba. Kuma wace gara a wannan fari? Ita ma ta yi hijira." Ta yi alkawarin za ta gaya masa in ya dawo. Da ya dawo ta gaya masa, amma a bakinta maganar ta zama abin dariya, wai Indo na tsoron ƙwari za su yi kewarta. Ya ce zai sa a barbaɗa hodar kashe fara a gindin bango, magana ta ƙare.

Komite ya ba da mako guda. Indo ta yi ta juya abin a ranta tana daka, tana shara, tana salla. Idan ta ƙi, katafila za ta shafe gidan kafin azahar. Idan ta yarda, gidan zai tsaya ba wuta. Ta tuna muryar Rabi, ta tuna daren sanyi da fatake ke waƙa da harshensu tana miƙa musu tuwo ta bakin ƙofa, ta tuna Alkasum yana auna tsayin ƴaƴansa a jikin ginshiƙin soron, duk da cewa na farin ba ya cikin waɗanda aka auna. A rana ta biyar katafila ta iso lungun daga gabas. Indo na tsaye ta ga zauren maƙwabcinsu Bahago baduku, inda ya yi shekara hamsin yana ɗinkin sirdi, ya zama tudun ƙasa tun shayin da aka ɗora masa bai tafasa ba. Bahago ya tsuguna yana tono basillarsa a cikin ƙura.

Washegari ta sa mayafinta na zuwa biki ta bi Biba biro. Mutum biyar a bayan tebur, ɗanta a gefe da takarda. Aka karanta da Faransanci, aka fassara, aka tambaye ta ko ta yarda. Ta dubi ƙasa ta ce ta yarda. Illiya ne ya miƙo tawadar. Ta dangwala ba ta ɗago kai ba, ta ce a ranta ƙila hodar nan ta Turawa ta san abin da Rabi ba ta sani ba.

Haka gidan ya tsira. Hanya ta zo ta kauce masa kamar yadda ake kauce wa dattijo a lungu, ta wuce. Aka kafa allon ƙarfe a bango da rubutun da ba mai karanta shi a unguwar, aka sa wa ƙofa kwaɗo. Illiya har ya so a kankare baƙin rufin don baƙi su ga asalin icen, rashin ruwa ya hana. Mutane suka yi ta yi masa barka, suna cewa ɗa ya fitar da gidan ubansa kunya. Indo ta ji daɗin wannan har cikin ranta, ba za a ɓoye ba.

Gidan Illiya kuwa rufin tol ne, wato kwano, da rana kamar tanda. Pampon da Biba ta yi wa ƙaura sau ɗaya yake tsiyaya a kwana uku. Matarsa mai kirki ce, murhun ƙarfen ma an kawo. Amma Indo takan farka da asuba hannunta na neman kasko, ta rasa inda za ta kai shi. Kwana uku ta daure. A na huɗu ta zuba garwashi, ta ƙulla ƙodago a gefen zane, ta ɗauki maficinta na kaba, ta ratsa gari da ƙafa.

Takarda ta hana wuta a cikin gida, ba ta ce komai a kan titi ba. Indo ta hau dakalin da ke jikin soron, ta ɗora kaskon a bakin ƴar tagar nan da hayaƙi ya saba fita, ta shiga fifita shi ciki. Tagar ba ta fi faɗin faifai ba. Iska ta dawo mata da rabi a fuska, ta yi tari, ta ci gaba har ƙodagon ya cinye.

Ta koma washegari, da ranar da ta biyo. Direbobin kamiyo suka san ta, suna yi mata oda. Wasu suka ce tsufa ya taɓa ta, wasu suka ce aljanun fatake take yi wa turare. Ƙodago ya yi wuya, don masu yunwa sun koma fasa shi suna ci, sai ta riƙa haɗawa da kashin awaki. Maganar ta kai biro. Illiya ya aiko Biba ta ce don Allah Inna ta rufa masa asiri, ana yi masa dariya. Indo ta ce, "A ce wa mutumin biro na ji." Da safe ta ɗauki kaskonta.

Baƙin da aka ce za su zo kallo ba su zo ba. Wa zai zo yawon buɗe ido garin da ake rabon dawa da gwangwani? Makulli ya yi ta kwana a aljihun tebur. Sau biyu aka barbaɗa hoda a farko, daga nan aka manta. Wata goma sha huɗu suka wuce. Damina ta ɗan dawo, Telwa ta kawo ruwa har mutane suka fita kallo suna kuka, kayan lambun Dabaga suka sake bayyana a kasuwa. Sai aka ce manyan baƙi na zuwa daga Yamai, kuma za a nuna musu soron.

Illiya ya zo da sassafe ya duba wurin kafin a share, shi kaɗai, cikin farar rigarsa. Ya tarar da Indo a kan dakali tana fifita. Ya gaida bango, ta amsa wa bango. Ya buɗe kwaɗon da ƙyar. Ta yi niyyar ta tafi, sai ta fasa. Ta sauko da kaskon ta bi bayansa daga nesa.

Warin ne ya fara gaya mata, warin rami, ba na gida ba. Ƙasan soron ya rufe da wani gari mai laushi, ja-ja. A jikin bango ga hanyoyin gara sun hau kamar jijiyoyin bayan hannun tsohuwa, daga ƙasa har rufi. Fari ya cinye ciyawar duniya, gara ma ta nemi abinci inda ya rage. Daga ƙasa azarar na nan baƙi, lafiya lau a ido.

Illiya ya ɗauko wata doguwar gora a tsakar gida, ya taɓa azarar da ke can ƙurya. Gorar ta shige kamar cikin gurasa, gari ya zubo masa a ka. Ya taɓa ta biyu, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tahowa wajen taga, farar rigar tana komawa ja. Indo na biye da shi da ido. Kowace azara ta san ta. Waccan ce aka rataya wa salkar madugu, waccan ce tsattsewa ke wa sheƙa duk shekara. Sai can kusa da taga gorar ta buga ta yi ƙara, ƙwal, ta dawo. Ya sake bugawa da ƙarfi. Ta gaba ma haka. Guda bakwai, iyakar inda mafici ke iya kai hayaƙi.

Ya dubi azarar, ya dubi tagar, ya dubi kaskon da ke hannunta. Sannan ya zauna a cikin garin nan, tabarau a hannu. Ya san abin da kowa ya sani, gorubar da za ta ba da azara irin wannan ta ƙare a bakin Telwa, ƴan da suka rage kuma an hana sara. Bangon zai tsaya, allon ƙarfen ma zai tsaya, amma rufin kakanninsa ya tafi.

Ba Biba a wurin, ba kowa da za a ba saƙo.

"Abin da Inna ta ce ke nan ran nan," in ji shi. "Na tambaya. Wallahi na tambaya. Mi ya sa ba a sake gaya mini ba?"

Indo ta juya wajen bango yadda ta saba, sai ta ga bangon duk hanyar gara ne. Baƙin ciki ya taso mata, ba na soron kaɗai ba. Yaron nan an ɗauke shi bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin nan yana wayo ba, ba wanda ya taɓa ɗaga masa haɓa ya nuna masa baƙin. Ya tsare gidan da iyakar abin da aka koya masa. Abin da ba a koya masa ba yana bakinta, ta rufe shi da mayafi don matan lungu su yabe ta. Ta ji kunyar da ta yi shekara talatin da tara tana taƙama da ita ta yi mata ɗaci.

Garwashin bai mutu ba. Ta kwance gefen zane, ta ɗora ƙodagon da ya rage mata guda biyu, ta hura har hayaƙi ya tashi. Sannan ta juyo ta dube shi. Ashe goshin Alkasum gare shi, har da ɗan tabon gira. Ashe ya fara furfura.

"Illiya," ta ce.

Sunan ya fito mata a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ɗago kai a firgice.

"Tashi ka riƙe kaskon ga. Hannu biyu. Ɗaga shi sama, kai ka fi ni tsawo."

Ya tashi ya karɓa. Takardar da ta hana wuta ba ta tsayar da shi ba. Ya ɗaga kaskon ƙarƙashin azara ta farko cikin bakwai ɗin, hayaƙi ya cika masa ido, ya yi tari, ya matsa zai wuce ta gaba.

"Kada ka yi sauri," in ji Indo, ta kama haɓarsa ta ɗaga. "Tsaya sai ta sha."